Mai Wanka

Ni ce nake wanke su.
Shekara goma sha tara a bayan asibiti,
ɗaki ba taga, randa biyu, da soson da ba ya bushewa.

Ta farko a amalanken jaki aka kawo ta daga gadar Gulbi,
ruwa bai janye ba tukuna, laka har cikin kunne.
Ajidan ya tsaya bakin ƙofa, hancinsa cikin hankici,
ya rubuta da Faransanci: mace, ba a san ta ba.
Na ce, ranka ya daɗe, dubi tsagar kumatunta,
mutanen bayan Tibiri ke yin irinta.
Dubi farcenta, koren zogale ne bai fita ba.
Ya ce, Iya, tsaga ba kati ba ce.

A wuyanta igiyar rama,
ƙullin bakin buhu, an yi an maimaita.
Da haƙori na kwance shi.

Kwana shida uwarta ta iso a ƙasa,
takalmi ɗaya a hannu, ta ce Tasalla.
Mun riga mun kai ta.
Suka ce ta kawo takardar haihuwa.
Ta ce, ni ce takardar, a bakin rumbu na haife ta
shekarar da fara ta cinye gero.
Suka ce ta dawo Litinin.

Ta biyu Gwamma, mai daka ana biyanta da dusa.
Ta uku Tabawa, da jaka ɗaya da dala talatin ƙulle a bakin zane.
Ba a taɓa kuɗin ba.
Wanda ya yi ba yunwa yake ji ba.
Na faɗa, aka yi dariya:
tsohuwa ta zama alƙali!

Duk igiyar rama. Duk ƙullin nan biyu.
Duk masu fitowa kafin assalatu,
kaya a ka, ba fitila, ba ɗan'uwa a ofis.

A kasuwa aka ce Doguwa ce.
A rediyo aka ce mata su daina yawon dare.
Wane dare? Asuba ce,
ganyen da za ku ci da rana suke kawowa.

Sai suka kama Ɗan Tunau, mai kwana a tasha,
wanda ke zance da tayoyin mota,
wanda ko mazagin wandonsa ba ya iya ɗaurewa.
Aka ɗauki hotonsa da ankwa, aka buga hatimi,
aka rufe dosiye, aka je sallar azahar.

Yana gidan kaso wata biyu
aka kawo mini Barira.
Jikinta da sauran ɗumi,
nono na zuba ta cikin riga.
Na wanke, ya sake zuba. Na wanke.
Wani jariri a Jiratawa yana ta kuka ban ji ba,
amma hannuna ya ji.

Ajidan bai zo ba, ya aiko yaro da biro.
Motar ba mai, in ji shi.
Ranar da aka sace awakin mai hatsi a unguwar Zariya
mota biyu na gani, har da jiniya.

Ba na fushi da ruwa, aikinsa yake yi.
Ina zuba na dama, ina zuba na hagu,
in tsefe kitso, in kira ta da sunanta in na sani,
in ban sani ba in ce ɗiyata, juya.

Igiyoyin suna nan, huɗu,
cikin gwangwanin madara a ƙarƙashin gadona.
Ba wanda ya tambaya.
In wata rana wani alƙali ya gaji da shayi
ya biyo ta bayan asibiti,
ya tambayi Kuluwa mai wanka.
Ya zo da wuri dai.
Haƙoran sun fara girgiɗi,
kuma jiya a tasha na ga ana ɗaure buhu,
na tsaya ina kallon hannun mutum
har ya ɗago ya gaishe ni.